Sharhi kan rijiyar kwance a Kolmani

Malam, wani rahoto ya ce rijiyar kwance, wato rijiyar man fetur da ramin ta ke tafiya a kwance a ƙarƙashin ƙasa, za ta ninka man da ake sa ran samu a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe. Ƙila haka ne, amma da sharaɗi. A tsaye ake fara haƙa rijiyar, sai a wani zurfi a soma karkata bakin injin sannu a hankali, kamar digiri 2 zuwa 6 a kowace mita 30, har ya kwanta kusan digiri 90 cikin shimfiɗar yashin da ke ɗauke da man. Daga nan sai ya bi ta, sau da yawa fiye da mita 1,000. Idan kaurin shimfiɗar mita 5 ne, ƙaramin kuskure ya isa a faɗa cikin laka ko ruwa, shi ya sa ake ɗaura na'urar awo bayan bakin injin tana aiko da bayani ana cikin haƙa.

Inda aka fi shan wuya shi ne tsakanin digiri 30 zuwa 60. Tsakuwar da aka niƙe takan kwanta a ƙasan ramin, da an tsayar da famfon da ke tura ruwan haƙa ya fito da ita sai ta gangaro ta danne bututun haƙar.

Batun nasara kuwa, wutar da ake kunna wa man ko gas ɗin da ya fito ranar gwaji ba hujja ba ce. A duba yawan gangar man da rijiya ke bayarwa bayan watanni, yadda matsin da ke turo man daga ƙasa ke sauka, da kason ruwan da ke biyo man. In aka zuƙa da ƙarfi, ruwan ƙasa kan hauro da wuri, galibi ta wajen lanƙwasar da ramin ya fara kwanciya, inda jan ya fi tsanani.