Duwatsun murhu uku, kowanne a unguwarsa

Shekara bakwai ke nan ina zaune a Gilfod, wani ɗan gari a kudu maso yammacin Landan. Kullum motar da nake hawa zuwa aiki sai ta wuce ta kusa da ginin SSTL, kamfanin ƙera taurarin ɗan Adam. Su suka ƙera mana NigeriaSat-1 da aka harba a 2003, a wurinsu kuma injiniyoyinmu suka haɗa NigeriaSat-X da hannunsu, aka harba shi a 2011. In na hango ginin sai unguwar Kakuri ta Kaduna ta faɗo mini a rai, inda mahaifina ya ci ƙarfinsa a masaƙa.

Asalin kamfanin ne ke hana ni sakat. Wasu malamai da ɗalibai ne a Jami'ar Surrey, Martin Sweeting na jan gaba, suka harhaɗa ɗan ƙaramin tauraron ɗan Adam da kayan lantarki irin na kasuwa, ya tashi a 1981. A 1985 jami'ar ta mayar da aikin kamfani. Gwamnatinsu ta sa kuɗi a wasu taurarin, ƙasashe irin Aljeriya da Najeriya suka zo da ciniki, yau Airbus ke riƙe da shi. Malamin da ya koyar da safe yana iya takawa da ƙafa zuwa inda ake ƙirar da rana.

To, me Kaduna ta rasa? Ga ABU a Zariya tun 1962, ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama a can, ga Kadpoly, ga AFIT, makarantar fasaha ta sojan sama, da ta fito da jirgi marar matuƙi mai suna Gulma. Ga DICON, masana'antar ƙera makamai ta gwamnati, a Kakuri tun 1964. Ga Panteka, inda za ka miƙa wa maƙeri karyayyen ƙarfe ka dawo bayan la'asar ka tarar ya zuba maka sabo. Duwatsun murhu sun cika uku: makaranta, gwamnati, masu ƙira. Amma ɗaya na Samaru inda ABU take, ɗaya na gidan gwamnati na Sir Kashim, ɗaya na Tudun Wada. A ina tukunya za ta zauna?

Bara da na je gida, ɗan yayata ya nuna mini aikinsa na kammala karatu, eriya ce da ke kamo hoton gajimare kai tsaye daga taurarin hasashen yanayi. Ta yi aiki, na gani da idona a kan kwamfutarsa. Aka ba shi maki, aka ajiye ta a saman kabad ɗin wani ofis, ƙurar hunturu ta rufe ta. "Kawu, ba wanda ya tambaye ni me za a yi da ita," in ji shi. Yanzu caji yake sayarwa.

Kada a ce abin ya fi ƙarfinmu. Ƙaramin tauraro samfurin CubeSat santimita 10 ne kowane gefe, bai fi kwalin shayi ba. Jami'ar Fasaha ta Akure ta haɗa gwiwa da NASRDA, hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, da wata jami'ar Japan, suka tura irinsa a 2017.

Ni a ganina gwamnatin jiha ba ƙira ce aikinta ba, ta zama mai saye. Ta ce duk damina za ta biya kuɗin taswirar inda kogin Kaduna zai yi ambaliya, da na yawan masarar da aka shuka a Saminaka, kwangila ta shekara biyar, da sharaɗin makaranta da kamfani su nema tare. Ɗan tauraro ba zai hango mutum a ƙarƙashin bishiya a dajin Birnin Gwari ba, kada kowa ya yaudare mu da wannan. Gona da ruwa kuwa zai gan su. A ma fara daga ƙasa, da tashar karɓar bayanai, kafin a kai ga harbawa.

Na riga na ce wa yaron ya je ya roƙo eriyarsa. In Allah ya kai mu Disamba, ni da shi za mu shiga Panteka mu ji nawa za a ƙera mata ƙafa mai juyawa.