Ku bari a gama hanyar tukuna kafin ku raɗa mata suna

Wallahi wasu mutanen ba su da ta ido. Tun jiya bidiyon nan da aka ɗauka daga sama yake ta yawo, ga kankare fari fat ya miƙe, an ɗora masa kiɗa mai taushi, an kuma rubuta wai lokaci ya yi da za a sa wa hanyar Abuja zuwa Kano sunan "gwarzon da ya yi ta". Har an fara rabon gado. Wannan ya ce sunan maigidansa ya dace, wancan ya ce a'a, nasa maigidan ne ya fara. Wani mai hikima ma cewa ya yi a raba ta gida uku, kowa ya samu nasa yankin, kada a ɓata zumunci. Madalla. Allah ya ƙara basira. To ita hanyar fa, an gama ta ne?

Ina tambaya ne tsakani da Allah. An gama ta?

A garinmu sai an haihu, an kwana bakwai, sannan a tara jama'a a raba goro a raɗa suna. Ban taɓa jin inda aka yanka wa ciki rago ba. Amma a kan wannan hanya mun sha shagalin suna har mun ƙoshi, jaririn kuwa shiru.

Tunda wasunku lokacin da aka fara aikin suna firamare, bari in tuna muku. A watan Disamba na 2017 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin Julius Berger kwangilar wannan hanya, kusan kilomita 375, a kan kuɗi naira biliyan 155. A tsakiyar 2018 Fashola, yana ministan ayyuka, ya ƙaddamar da aikin, aka ce wata 36 an gama. Wata 36, jama'a, shekara uku ke nan. Da shekara ukun ta zo cika, a watan Maris na 2021, sai aka ce ai gyara ba zai yi ba, sai an kankare tsohuwar kwaltar an sake gini daga tushe, kuɗi ya tashi zuwa biliyan 797. Har daga cikin kuɗin Abacha da aka dawo da su a 2020, dala miliyan 311 ɗin nan, an ce wannan hanya tana cikin ayyuka uku da za a zuba wa, tare da hanyar Legas zuwa Ibadan da gadar Neja ta biyu. A watan Mayu na 2023, ana saura 'yan kwanaki Buhari ya sauka, aka buɗe ɓangaren Kaduna zuwa Kano. A watan Nuwamba na 2024 ma'aikatar ayyuka ƙarƙashin Umahi ta soke kwangilar abin da ya rage, aka ba wani kamfanin, aka ce yanzu kuma da kankare za a yi. A 2025 aka sake kafa rumfuna, aka sake jera kujeru, aka sake ƙaddamarwa.

Hanya ɗaya, ƙaddamarwa kashi-kashi. Kuma kuna so in tafa.

Na san abin da za ku ce. "Ai Kaduna zuwa Zariya ta yi kyau." Ta yi, ban musa ba, wanda ya san yadda Jaji da Birnin Yero suke a da ba zai musa ba. Sai me? Wanda ya taso daga Zuba, a bakin Abuja, zai tashi sama ne ya dira a Kawo cikin Kaduna? "Ai ana aiki, ka je ka gani." Ina gani, shi ya sa nake magana. "Kai ɗan adawa ne." To. Ramin da ke hanya dai ba ya tambayar katin jam'iyya kafin ya fasa maka taya. Wanda kuma ya ce mini in gode wa Allah, na gode masa, kullum ina gode masa, amma ba shi ya karɓi kwangila ba.

Abin da ke ba ni dariya, masu wannan rigimar ba su ma san yadda suna yake kama hanya ba. Ku je Kaduna ku tare ɗan Keke ku ce ya kai ku Muhammadu Buhari Way, ku ga yadda zai tsaya yana kallonku. Ku ce masa Waff Road, kafin ku rufe baki ya ta da inji. Sunan rundunar sojan zamanin Turawa ne, an sauya shi a takarda da allo, amma bakin mutane ya ƙi saki. Titin Nnamdi Azikiwe kowa Baifas yake ce masa. A Kano an sa wa gadar Hotoro sunan Buhari, har gobe gadar Hotoro ce a bakin direba. Ita kuwa wadda ke kan titin Zariya, mutanen gari da kansu suka laƙaba mata Gadar Lado, saboda sanatan da suka ga ya kawo aikin, ba su jira sanarwar kowa ba. Mafi ban mamaki Tolget. Tun zamanin Obasanjo aka rushe shingayen karɓar kuɗin hanya, fiye da shekara 20 ke nan, amma har yau fasinja na cewa "direba a sauke ni a Tolget", kuma a daidai wurin za a sauke shi. A Abuja an sa wa Southern Parkway sunan Tinubu a 2024, mu zuba ido mu ga wanne zai zauna.

Wato jama'a su ke raɗa wa hanya suna, kuma da abin da suka gani a kanta suke raɗawa. Wannan hanya da kuke rigima a kai tana da sunayenta tuni, ba ku ne dai ba ku so ku ji ba. Ku ce Rijana a gaban wanda ya yi zirga-zirga a shekarun baya, lokacin da masu garkuwa da mutane ke tare hanya a wurin, ku kalli fuskarsa. Ku ce Katari. Ku ce Tafa da daddare, lokacin da tireloli suka kwanta hagu da dama suka bar wa sauran bayin Allah ɗan siririn layi. Ku ce Dikko.

A nan zan ajiye wasa. A watan Janairu na 2025 tankar mai ta faɗi a mahaɗar Dikko, wuta ta tashi, mutum fiye da 80 suka rasu. A ranar 28 ga Maris, 2022, aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari, aka kashe wasu, aka tafi da wasu daji suka yi watanni. Da yawa daga masu hawa jirgin nan gudun hanya ne ya kai su. Ban ce rami ne ya dasa bam ba, kada wani ya juya mini magana. Amma duk direba ya san inda hanya ta lalace nan ake rage gudu, inda ake rage gudu kuma nan mugu yake jira. Ga kuma wan-we. Shekara da shekaru ana rufe hannu ɗaya a tura kowa ɗaya hannun, mai zuwa da mai dawowa, Sharon da tirela, gaba da gaba, wani wurin babu abin da ya raba su sai tsoffin durom da duwatsu. Gidaje nawa aka yi zaman makoki saboda wannan? Akwai marayun da aka haifa bayan an fara aikin nan, yanzu sun isa shiga makaranta. Su za ku je ku gaya wa cewa abin da ya rage shi ne zaɓen suna?

Kwanaki mun tsaya cak a wani wuri da aka karkatar da hanya, rana tsaka, ba gaba ba baya. Ga wasu yara biyu da shebur da tsohon bokitin fenti, suna ɗebo jar ƙasa daga gefe suna zubawa a rami, mota ta taka ta watse, su sake ɗebowa. Duk motar da ta matso sai su ɗaga shebur sama su ce "a taimaka wa ma'aikata". Direbanmu, dattijo ne mai furfura, ya zaro naira ɗari ya miƙa wa ƙaramin. Wani fasinja ya ce, "Baba, ai su suke ƙara tona ramin da dare." Dattijon bai ko waiwaya ba, ya ce, "Ɗana, ko su suke tonawa, su kaɗai na gani da shebur yau." Motar ta yi tsit. In dai dole sai an sa wa hanyar sunan wanda aka fi gani yana aiki a kanta, to ga 'yan takara nan.

Kuma ma wai, hanyar ba ta da suna ne? Tana da shi. A2 take a taswirar hanyoyin tarayya, ta taso tun daga kudu, ta bi Lokoja, Abuja, Kaduna, Zariya, Kano, ta wuce Daura har bakin iyakar Nijar. Daga Kano zuwa sama tana cikin babbar hanyar da aka tsara ta ratsa Sahara, ta Damagaram da Agadas har Aljeriya. Wannan ba ƙaramar hanya ba ce, jijiyar Arewa ce, tumatirin Kura da Kadawa, shanu, hatsi, siminti, mai, duk ta nan suke bi. Amma ku faɗa mini gaskiya, sau nawa kuka ga allo mai ɗauke da A2? Sau nawa kuka ga allon da ya ce saura kilomita kaza ka isa Zariya, wanda ba a lulluɓe shi da fastar ɗan takara ba, ko 'yan jari-bola ba su cire shi ba? Baƙo sai ya tsaya ya tambayi mai rake. Allon da ba ya ɓata shi ne ƙaton nan mai hoton shugaba da minista da gwamna suna murmushi, an rubuta wanda ya ba da aiki, wanda ya karɓa, wanda ke sa ido. Ranar gamawa ce kawai ba ka cika gani ba, in ma an rubuta to rana ta kore ta.

Sai kuma 'yan kankare da 'yan kwalta, su ma sun buɗe nasu filin daga. Wai kankare shekara aru-aru yake yi. To, Allah ya sa. Ni ba injiniya ba ne, amma na san abu biyu ke cin hanya a ƙasar nan: ruwa da lodi. In ba a yi magudana ba, ko an yi ta cika da leda da yashi ba mai yashewa, ruwa zai kwanta ya shiga ƙarƙashi ya zauna. In kuma tirela za ta ɗauko kayan da ya kusa ninka ƙa'ida, ta wuce ba wanda ya ɗora ta a sikeli, to ko da ƙarfe aka shimfiɗa sai ta lotsa. Ina ma'aunin manyan motoci? Ina wurin da aka tanadar musu su kwana, don su daina kwana a kan titi suna zubar da baƙin mai? Wannan ita ce muhawarar da ta kamace mu. Amma ba ta da daɗin kiɗa a bidiyo, shi ya sa ba mai yin ta.

Kuma ku rubuta ku ajiye, ranar da aka gama, kafin allon suna ya bushe shingen karɓar kuɗi zai tsaya. An riga an dawo da shi a hanyar Abuja zuwa Keffi zuwa Makurdi tun farkon 2025, ƙaramar mota naira 500. Ni ban ƙi in biya ba. In hanya ta yi sumul, da fitila, da motar ɗaukar marasa lafiya, da mai janye motar da ta mutu kafin wata ta afka mata, zan biya ina murna, ya fi abin da nake kai wa bakanike na shokozoba da mai faci. Amma a gama tukuna. A gama. Ku gama ta daga Zuba har Na'ibawa, hannu biyu, mutum ya taso Abuja bayan azahar ya yi magariba a Kano ba tare da uwarsa ta kira shi sau goma tana tambayar ko ya wuce Jere ba. Ranar nan ku sa mata sunan duk wanda kuka ga dama, ko sunan surukinku ne, ni zan kawo goro.

Af, tunda ana maganar tafiyar dare. Ku masu ɗaura wa mota fararen fitilun nan masu kama da walda, wa ya aike ku? Mutum ya sayi tsohuwar Golf, burki sai an yi famfo sau uku, amma ya jera fitila tun daga bamba har rufi. Ka yi masa alama ya rage, sai ya ƙara maka da wata da ba ka san da ita ba. Yanzu har 'yan Keke da masu babur sun shiga layi. Minti guda bayan ya wuce kana tuƙi ne da tawakkali, ba ka ganin komai sai kore da ja. Kuma masu sayar da su a kasuwa har cewa suke "wannan ta fi kashe ido", wai talla ke nan. Wani ya taimaka ya gaya mini hukumar da ke da alhakin wannan, don ina da dogon saƙo.