Dan Allah mu bar hassada, sararin Allah bai cika ba

Assalamu alaikum yan uwa. Akwai wani hoto da na'urar hangen nesa ta Hubble ta ɗauko, yana cikin hotuna 59 da aka fitar a watan Afrilun 2008, na ci karo da shi kwanan nan kuma wallahi ya tsaya min a rai, shi ya sa nake wannan rubutun.

Galaksi biyu ne a hoton. Galaksi wani makeken tarin taurari ne, namu da rana take cikinsa kaɗai yana ɗauke da taurari sama da biliyan 100. Waɗannan biyun masana na kiransu NGC 6050 da IC 1179, suna can cikin gungun Hercules inda galaksi sama da ɗari suka taru. Haske da ke gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, wanda minti 8 da ɗan wani abu ke isarsa ya zo mana daga rana, daga can sai ya yi tafiyar kimanin shekara miliyan 450 kafin ya iso. Subhanallah. Kowanne yana jan ɗan'uwansa da nauyinsa har hannayensu sun sarƙe, kuma irin wannan haɗuwa tana ɗaukar ɗaruruwan miliyoyin shekaru kafin biyun su koma ɗaya.

To ga abin da ya girgiza ni. Biliyoyin taurari na kutsawa ta cikin biliyoyin taurari, amma masana sun ce da ƙyar a samu tauraro ɗaya ya bugi wani. Me ya sa? Saboda filin da Allah Ya bari tsakaninsu ya wuce tunani. Da za a mayar da ranarmu girman lemo ɗaya, to tauraron da ya fi kusa da ita sai an yi tafiyar sama da kilomita 2,000 kafin a same shi. Abin da ke gwaruwa shi ne iskar gas da ƙurar da ke tsakani, kuma in sun matsu, sababbin taurari ake samu daga cikinsu.

Yanzu kai bawan Allah, Ubangijin da Ya yi wannan yalwar, Shi ne kake zaton taskarSa ta yi kaɗan ta ishe ka kai da maƙwabcinka? Haba dan Allah.

Wani ya buɗe shago kusa da naka, tun ranar ka daina amsa sallamarsa da sakin fuska, kana zaune kana ƙirga masu shiga wajensa kai ko naka cinikin ba ka lura da shi, in wani ya tambaye ka kayansa sai ka ɗan taɓe baki ka ce ai ba su da kyau alhali ba ka ma taɓa gani ba. An ɗauki abokinka aiki, ka ce masa Allah Ya sanya alheri da baki, ka koma gida barci ya gagare ka. Yar uwa, an kawo lefen ƙawarki, kin fi kowa guɗa a wajen, kina fita kika fara cewa ai mijin ma bashi ya ci. Kishiya ta haihu, gidan ya zama kamar ana zaman makoki a ɗakinki. Yan uwa ciki ɗaya, ƙani ya gina gida, yaya ya ce a bincika inda ya samo kuɗi. Har cikin masu karatun addini abin ya shiga, wane ya fi ni jama'a a majalisi, wane an fi sauraronsa, sai a fara neman kuskurensa da fitila. Wannan ya fi min ciwo, don su ne ya kamata su ja mu.

Safe da yamma muna karanta Falaƙi muna neman tsari daga sharrin mai hassada. Mun taɓa tsayawa mun tambayi kanmu ko daga sharrinmu wani yake neman tsarin?

Ba ina cewa zuciya ba ta sosuwa ba, tana sosuwa, mutum ne kai, musamman a wannan tsadar rayuwar da kowa ke fama. Amma kar ka ba ta abinci. Kar ka bari ta hau harshenka. Rabonsa bai taɓa naka ba ko da ƙwayar gero ɗaya, abin da aka rubuta maka babu mai cinye shi, kuma Hausawa sun riga sun faɗa mana hassada ga mai rabo taki ce, kai ne za ka ƙone, shi kuwa yana ƙara gaba.

Ɗan'uwana, na san akwai sunan da ya faɗo maka tun kana karanta wannan. Shi ɗin. Ko ita ɗin. Dan girman Allah yau in ka yi sujjada ka ambaci sunan nan ka roƙa masa ƙarin buɗi, ko da bakinka ya yi nauyi ka daure ka faɗa. Gobe ka sake. In shagonsa na kusa, je ka sayi wani abu a wajensa ka gaishe shi da kyau. In ka taɓa ɓata masa suna a wajen wani, koma wajen wannan mutumin ka gyara maganar.

Kar ka ce sai Ramadan, kar ka ce sai ya fara gaishe ka. Dan Allah yau ɗin nan, kafin ka kwanta.