Kuɗin korona da katin awon yaranmu

Makon jiya, bayan sallar la'asar, na tarar da wata maƙwabciyarmu a tsakar gida tana jijjiga ɗanta mai wata tara, sai na tambaye ta ko ta kai shi awo an yi masa allurar ƙyanda, tunda lokacinta ya yi. Ta ɗago kai ta ce mini, "Malam, ba za ni ba. Mutanen da suka cinye kuɗin korona ne za su damu da lafiyar ɗana?" Na rasa abin da zan ce mata nan take, domin rabin maganarta gaskiya ce da ba zan iya musantawa ba, ɗaya rabin kuma yana iya sa mu ɗauki yaron nan a tabarma zuwa maƙabartar Tafo, Allah ya kiyaye. Tun ranar maganar take damuna, shi ya sa nake rubuta wannan ga 'yan'uwana na Aboabo, Asawase, Sawaba, Alabar da sauran zangunan Kumasi.

Ya kamata mu fara tuna abin da muka yi, domin ba a cika faɗinsa ba. Ranar 12 ga Maris na 2020 aka tabbatar da mutum biyu na farko da suka shigo da cutar korona Gana. Kwana uku bayan haka shugaban ƙasa na wancan lokacin, Nana Akufo-Addo, ya hana taro, ya rufe makarantu, masallatai da coci-coci, sannan ranar 30 ga watan aka kulle Akra da Kumasi har mako uku. An ce kowa ya zauna a gida, ya riƙa wanke hannu, ya ba da tazara tsakaninsa da ɗan'uwansa. Gidan hayar da nake zaune ɗaki goma sha huɗu ne, babu ɗakin da ba iyali a cikinsa, banɗakin da yawancinmu muke amfani da shi kuma na kuɗi ne a bakin titi, wanda sai an bi layi da asuba. Duk da haka muka haɗa kuɗi muka sayi bokitin Veronica, mai famfo na wanke hannu, muka ajiye a ƙofar gida da sabulu, yaran gidan suka riƙa karɓa-karɓa wajen cika shi. Mahaifiyata, wadda ta shekara fiye da talatin tana sayar da koko da ƙosai, ta ga ranakun da za ta dama koko ba mai saye, saboda direbobi da 'yan kasuwar da suke tsayawa wurinta da sassafe duk suna gida. A farkon kullen nan ne jami'an tsaro suka tare manyan motocin kaya a Ejisu, suka tarar da mata 'yan kayaye, masu dako a kasuwa, a ɓoye a ciki, wasu da goyo, suna neman hanyar komawa Walewale. Duk wanda ya san rayuwar yarinyar da take kwana a bakin shago a kasuwar Kejetia ya san dalilin da ya sa ta gwammace duhun bayan mota.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne masallaci. Ba zan manta ranar da ladaninmu ya kira salla ya ƙara da cewa a yi salla a gida ba. Muryarsa ta karye a tsakiyar kiran, wani dattijo da ya riga ya yi alwala ya zauna a dakalin masallaci yana share hawaye da bakin rawaninsa. Azumi ya zo ya same mu a haka, ba tarawihi a jam'i, ba zaman tafsiri sai ta rediyo da Facebook, ba shan ruwa tare a ƙofar masallaci, aka kuma yi ƙaramar salla ba tare da mun fita filin idi ba. Limamin ƙasa, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, ya ce a bi doka, malamanmu suka kawo hadisin da ya hana shiga ƙasar da annoba ta sauka da fita daga cikinta, jama'a kuwa suka bi. Sai ranar 5 ga Yuni aka dawo Juma'a, mutum ɗari kawai, kowa da dardumarsa da takunkumi a fuska. Ga al'ummar da ake yawan yi wa shaidar taurin kai, wannan biyayya ce da ta cancanci a riƙa ambatonta.

Ba na cikin masu cewa gwamnati ba ta yi komai ba. Ta ɗauki mataki da wuri, masana a cibiyar Noguchi ta Legon da cibiyar KCCR ta nan Kumasi sun yi ta gwaji dare da rana, an yafe kuɗin ruwa na wasu watanni, an kuma rage na wuta. Da shugaban ƙasa ya ce mun san yadda ake farfaɗo da tattalin arziki, amma ba mu san yadda ake dawo da wanda ya mutu ba, na yarda da shi a lokacin, har yau ma ina ganin ya yi daidai. Waɗanda aka ƙidaya sun rasu da cutar a Gana ba su kai dubu biyu ba, kuma wannan abin godiya ne ga Allah idan aka dubi abin da ya faru a Indiya da Italiya.

Sai maganar rigakafi. Ranar 24 ga Fabrairun 2021 Gana ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta karɓi allura ta shirin COVAX na rarraba rigakafin korona ga ƙasashen duniya, guda 600,000 na AstraZeneca da aka yi a Indiya, kuma ranar 1 ga Maris aka yi wa shugaban ƙasa tasa a gaban kyamara. Kafin allurar ta iso unguwarmu, jita-jita ta riga ta zagaya ta WhatsApp: wai tana hana haihuwa, wai wanda aka yi wa ba zai wuce shekara biyu ba. Na ji mutane da yawa suna kiran wannan jahilci, ni kuwa ban taɓa yarda da wannan hukuncin ba. Mu mutane ne masu dangi a Kano, mun ji labarin gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996, mun kuma ji yadda aka dakatar da rigakafin shan-inna a can a 2003. Tsoron yana da asali, kuma wanda zai kawar da shi sai ya zauna ya saurara tukuna.

Na yi rakiyar ma'aikatan lafiya a unguwarmu a matsayin mai fassara, abin da na gani kuma ya koya mini yadda mutanenmu suke yarda da abu. Allon talla da Turanci bai kawo kowa ba. Abin da ya kawo su shi ne liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a, ya kuma naɗe hannun rigarsa a gabansu, sannan wata nas 'yar zango ta durƙusa ta gaida tsohuwa ta ce, "Mma, ni ma an yi mini, ga ni lafiya lau." Wani tsoho mai sayar da goro tambaya ɗaya ya yi mini: "Liman ya yi?" Da na ce ya yi, sai ya miƙa dantse. Bayan haka ne Indiya ta dakatar da fitar da allura saboda cutar ta yi mata yawa, waɗanda aka yi wa ta farko suka yi ta jiran ta biyu har wa'adin da aka rubuta musu a kati ya wuce. Ni suka riƙa tsarewa a hanyar masallaci suna tambaya, ni kuwa ba ni da amsa. Burin yi wa mutum miliyan 20 kafin ƙarshen 2021 bai cika ba, kuma da yawa daga cikin dattawanmu sai da aka buɗe aikin Hajji ga baƙi a 2022, aka ce ba tafiya sai da shaidar rigakafi, sannan suka je.

To ina maƙwabciyata ta samo maganarta? A 2021 aka ji cewa ma'aikatar lafiya ta ƙulla cinikin allurar Sputnik ta Rasha ta hannun wani ɗan tsakani na Dubai a kan dala 19 kowace ɗaya, alhali farashinta bai wuce dala 10 ba, kuma ba a kai yarjejeniyar majalisa ba kafin a sa hannu. Daga baya an soke cinikin an maido ragowar kuɗin, amma labarin ya riga ya shiga kowane gida. A Janairun 2023 kuma rahoton babban mai binciken kuɗi na ƙasa ya nuna cewa daga Maris na 2020 zuwa Yunin 2022 an tara sama da sidi biliyan 21 da sunan korona, aka kashe kusan biliyan 12 a kan cutar, sauran suka shiga cike giɓin kasafin kuɗi. Rahoton ya kuma ce an biya kimanin dala miliyan 120 na allurai, amma na fiye da dala miliyan 80 ba su iso ba har lokacin binciken. Ma'aikatar ta ce gudummawar allura ce ta yi yawa, wurin ajiya ya yi kaɗan, shi ya sa aka jinkirta kawowa. Wataƙila haka ne, sai dai ba wanda ya zo zango ya yi mana wannan bayanin da harshen da ya zo ya roƙe mu da shi mu miƙa hannu.

Farfaɗo da tattalin arzikin da aka yi alkawari ma ta bayan gidanmu ya wuce. An ware sidi miliyan 600 na rance ga ƙananan 'yan kasuwa, amma neman sa yana buƙatar lambar haraji da cike takarda, mahaifiyata kuwa duk ajiyarta a wurin mai susu, wato mai karɓar adashi, take, rajistar kasuwancinta ita ce mutanen unguwa da suka san wurin zamanta. Abin da ya fi yi mana ciwo, wanda ban ga ana yawan maganarsa ba, shi ne iyakoki. An buɗe filin jirgin sama na Akra ranar 1 ga Satumban 2020, mai fasfo da kuɗin tikiti ya ci gaba da harkarsa, amma iyakokin ƙasa na Paga, Aflao da Elubo sai ƙarshen Maris na 2022 aka buɗe su ga matafiya, shekara biyu cur. Gaskiya ne manyan motocin kaya suna wucewa, to amma ɗan zango da yake bin kayansa da kansa, mai sarin albasa daga Nijar, mai kai goro arewa, matar da take zuwa Lome ta saro atamfa da takalma, duk sai dai su zauna, ko su bi hanyar daji su biya a kowane shinge. Na san wanda mahaifinsa ya rasu a Nijar bai sami zuwa ko ta'aziyya ba. Zango a kan hanya aka kafa shi, fatake ne suka gina shi, kuma wanda ya rufe hanya tsawon shekara biyu ya taɓa tushen arzikinmu.

Bayan haka sai biyan kuɗi ya zo. A watan Mayun 2021 aka ɗora harajin korona na kashi 1 cikin ɗari a kan kayayyaki, wato ruwan da aka ce kyauta ne mun biya shi ta wata hanya. A Mayun 2022 aka fara cire kashi 1.5 daga kuɗin da ake turawa ta waya, wato MoMo, a Disambar shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, sidi ya zube, gwamnati ta dakatar da biyan yawancin bashin waje, muka ga tsofaffi 'yan fansho suna zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi, daga ƙarshe aka koma wurin IMF aka karɓi rancen dala biliyan 3 a Mayun 2023. Na san yaƙin Yukren ya taimaka, na san kuma bashin ya riga korona zuwa. Amma mahaifiyata da farashin olonka, wato gwangwanin awo, na gero da wake take auna komai, ta rage girman ƙosai sau biyu tana jin kunyar masu saye da ta san iyayensu.

A tsakiyar wannan halin ne, farkon 2023, alluran awon yara suka yanke a asibitoci, na ƙyanda da shan-inna da tarin fuka, ƙyanda kuma ta ɓulla a arewacin ƙasar. Mata suka biya kuɗin mota, suka bar sana'arsu, suka bi layi da goyo, aka ce su koma gida babu. Maƙwabciyata tana cikinsu da babban ɗanta, sau biyu ta je ta dawo. Wannan a wurina ya fi dukan alƙaluman rahoton nauyi, domin shi ne ya koya wa uwa cewa katin awo ma ba abin dogaro ba ne.

Saboda haka abin da nake nema daga gwamnatin yanzu bai tsaya ga soke harajin MoMo da ta yi a Afrilun 2025 ba, ko da yake mun ji daɗinsa. A bi rahoton mai binciken kuɗin nan har ƙarshensa, wanda ya ci ya amayar, wanda aka wanke a ce an wanke shi, a kuma karanta mana sakamakon da Hausa, Dagbanci da Tiwi a gidajen rediyon da muke saurare. A ƙarasa asibitocin Agenda 111 da aka yi alkawari saboda korona, waɗanda mafi yawansu ba su fara karɓar marasa lafiya ba. A ba Cibiyar Rigakafi ta Ƙasa da aka kafa a 2023 kuɗin da za ta yi aiki, a kuma sa kuɗin alluran yara a wurin da ba a taɓawa, musamman da yake tallafin da muke samu daga waje ba mai dawwama ba ne. 'Yan majalisarmu da sarakunan zango su riƙa tambayar waɗannan abubuwa da suna da adadi.

Mu kuma, don Allah kada mu huce fushinmu a kan jarirai. Nas ɗin da take zaune da sikeli da akwatin ƙanƙara ba ita ta sa hannu a kwangilar Dubai ba, ita ma a kasuwar da muke saye take saye. Ƙyanda tana makantar da yaro, tana kurumtar da shi, tana kashe shi, kuma a gida mai ɗaki goma sha huɗu idan ta kama ɗaya sai ta bi sauran. Ina roƙon limamanmu su riƙa sanar da ranar awo yadda suke sanar da ɗaurin aure da jana'iza, malaman makarantar allo kuma su riƙa tambayar iyaye katin yaro.

Da maganata ta kasa shiga, sai na roƙi mahaifiyata ta yi mata magana. Jiya da daddare na ji su a bakin murhu, Mma tana ba ta labarin ƙanena da ƙyanda ta ɗauke yana shekara biyu, tun kafin allurar ta wadata a Kumasi. Da safe ta aiko yaro ya tambaye ni ko na tabbata akwai allurar a wannan karon. Na je asibitin da kaina na tambaya, an ce akwai, ranar Talata kuma matata za ta raka ta.