Birki mai kama kansa, yaushe zai iso Tahoua?

Wani labari da na karanta ya ce tun Yulin 2024 doka ta tilasta sababbin motoci a Tarayyar Turai su zo da birki mai kama kansa, wato wanda ke tsayar da mota da kansa in tana shirin yin karo. Madalla, amma mu nan Tahoua motocin da Turawa suka gama mora muke saye. Ni abin da ke damuna a irin waɗannan tsofaffin motoci jakar iskar kamfanin Takata ce, wato jakar da ke kumbura don kare direba in an yi haɗari: zafi da laima na lalata sinadarin cikinta, in ta fashe sai ta watsa wa direba gutsattsarin ƙarfe. Toyota da Honda sun kira miliyoyin motoci a canza ta kyauta. To, wa zai sanar da mai tsohuwar Corolla a nan? Ku masu cewa a sayi sabuwa, da wane kuɗi?