Masallacin Ƙauye a Ƙasar Masu Kiwon Alade

Duk wanda ya je Sifaniya a cikinmu, hoto iri ɗaya yake dawo mana da shi. Ga shi a fadar Alhambra, ga shi a tsakanin ginshiƙan masallacin Kurɗuba, a ƙasa kuma ya rubuta "Allah sarki Andalus" da alamar hawaye. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a tafiyar ba ya cikin waɗannan manyan birane. Yana wani ƙauye a kan duwatsu, wanda mutanensa duk da na ƙauyukan da ke ƙarƙashinsa ba su kai dubu biyu ba. Sunansa Almonaster la Real, a lardin Huelva, dab da iyakar Fotugal. Daga Sabiya, wadda littattafanmu suke kira Ishbiliya, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce a mota, hanya tana ta murɗewa kamar macijin da aka taka.

Sunan garin ma daga Larabci ya biyo, al-Munastir. Gidajen farare ne tas da jan rufi, lungunan an daɓe su da ƙananan duwatsu. Kana shiga za ka hango tudu, a kansa akwai ragowar ganuwa, a cikin ganuwar kuma akwai masallaci. An gina shi wajen ƙarni na 10, zamanin da Kurɗuba take kan ganiyarta, kuma a duk Sifaniya shi ne masallacin karkara na wancan zamani da ya iso yau a tsaye da siffarsa.

Kada ka sa ran ganin wani katafaren gini. Bai fi masallacin unguwa ba, irin wanda in an cika sahu huɗu sai a shimfiɗa tabarma a waje. Ciki akwai duhu-duhu da sanyi, da ƙanshin tsohon dutse. An raba shi layi biyar da bakan gizo na jan bulo. Abin da ya sa na daɗe a tsaye shi ne ginshiƙan: babu biyu da suka yi kama. Wannan siriri, wancan kakkaura, wani mai kwana huɗu, wani kansa da zanen ganye na Rumawa, wani kuma ba komai. Maginan ba sarakuna ba ne masu aiko da marmara daga nesa. Abin da suka tarar a wurin, na gine-ginen Rumawa da na tsohuwar cocin da ta riga su a kan tudun, shi suka tattara suka ɗora. Mihrabin ɗan ƙarami ne, ba ado, ba zinare, bulo ne tsirara. A bakin ƙofa akwai ɗan fili na alwala da aka sassaƙa a jikin dutsen. Na sa hannu na shafa ɗaya daga ginshiƙan, ya yi santsi saboda hannayen da suka riga nawa. A Alhambra na ga yadda sarakunan Andalus suka rayu. A nan ne na fara tunanin manomi da makiyayi da mai saran itace, waɗanda suke hawo wannan tudu da asuba cikin sanyin hunturu.

To ga inda nake so mu yi magana. Wa ya riƙe wannan masallaci shekara ɗari bakwai da wani abu bayan tafiyar masu shi?

Kiristoci suka karɓe yankin a ƙarni na 13, suka mayar da ginin ƙaramar coci, suka ƙara masa ɗaki a gefe, hasumiyar kiran sallah ta koma ta ƙararrawa. Na san wannan yana sosa ran Musulmi, ni ma ya sosa nawa. Tarihin ba mai daɗi ba ne: Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a Sifaniya, ta faɗi a 1492, daga 1609 kuma aka shiga korar jikokin Musulmin da aka tilasta wa canza addini. Ba na wanke kowa. Amma gaskiya ɗaya ce, da an bar ginin ba mai shiga, da tuni damina ta cinye shi, ko an kwashe duwatsun an yi gidaje. Hakan ma ya faru da ganuwar da ke kewaye da shi: a ƙarni na 19 da duwatsunta aka gina filin wasa da bijimai, irin hawan ƙahonsu, wanda yake manne da masallacin har yau. Ɗakin da ake shara ana gyara rufinsa shi ya tsira. A 1931 gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa, daga baya aka yi masa gyara na tsanaki har mihrabin ya sake bayyana sosai. Yanzu kowane watan Oktoba garin yana shirya bikin al'adun Musulunci na kwanaki, da laccoci da kasuwa da kaɗe-kaɗe.

Kuma su wane ne mutanen? Masu kiwon alade. Ba zagi ba ne, sana'arsu ke nan. Garin Jabugo, wanda naman aladensa ya fi suna a duk ƙasar, maƙwabcinsu ne. Baƙaƙen aladu suna yawo a daji suna cin 'ya'yan itatuwa daga kaka zuwa ƙarshen hunturu. Duk gidan abincin da ka leƙa, cinyoyi ne rataye a sama. Wata rana na nemi a ba ni ganye da wake kawai, na maimaita wa mai kawo abincin "sin cerdo", wato ban da alade. Ya gyaɗa kai, ya kawo kwano, sai ga 'yan jajayen gutsattsari a kai. Da na nuna masa, ya buɗe hannu da mamaki, wai ai wannan ɗan ɗanɗano ne kawai. Ranar da burodi da cukun akuya da zaitun na kwana. In za ka je, ka riƙe wannan a ranka, ka kuma sani daga ƙarfe biyu na rana zuwa biyar kusan kowane shago a rufe yake.

Wani zai ce don kuɗin baƙi suke lallaɓa masallacin. To sai me? Ko don kuɗi ne, sun gane cewa abin da aka bar musu yana da daraja, ko da ba na addininsu ba ne. Mu da muke karanta Ishiriniya ta Alfazazi, mutumin Kurɗuba, muke haddace Alfiyyar Ibn Malik, haifaffen Jayyan, muna da haƙƙin jin Andalus a jikinmu. Al-Bakri ma, wanda ya rubuta labarin daular Gana wajen 1068 ba tare da ya taɓa taka ƙasar ba, ɗan gidan sarautar wannan yanki na Huelva ne. Amma wanda ya wuce ta gefen badalar Kano kullum, yana ganin ana yankar ta ana kafa shaguna bai ce uffan ba, hawayensa a Alhambra ba su cika burge ni ba. Da ni nake, kafin wani ya ce da shi nake.

Ban da masallacin, yankin kansa ya isa a kwana uku. Duk yana cikin gandun da ake kira Sierra de Aracena, kuma tsofaffin hanyoyin alfadarai da suka haɗa ƙauyukan an mayar da su hanyoyin tafiya a ƙasa, da alamomi. Za ka ratsa itatuwan da ake ɓare wa ɓawo duk shekara tara don yin murfin kwalba. Wanda aka ɓare kwanan nan gindinsa ja wur, kamar an feɗe rago. A kaka ana tsintar wani ɗan itace da suke kira kastanya, in an gasa shi ɗanɗanonsa tsakanin dankali da gujjiya. A garin Aracena akwai kogo a ƙarƙashin tudun da tsohuwar ganuwar garin take, da tafkuna a ciki, an buɗe shi ga baƙi tun 1914. Kyakkyawa ne, amma a rukuni ake shiga, ana kora ku gaba kamar tumaki, ban ji daɗinsa yadda na so ba.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne kogin Rio Tinto, kudu da nan. Ruwansa ja ne kamar zoɓo, saboda ƙarfe da tsamin da ke cikin ƙasar. Tun kafin Rumawa ake haƙar tagulla da azurfa a wurin. A 1873 Turawan Ingila suka sayi mahaƙar, suka gina unguwarsu daban irin ta Ingila, suka shimfiɗa layin dogo zuwa teku. A 1888 ma'aikata da manoma suka fito zanga-zanga kan hayaƙin da yake kashe musu amfanin gona, sojoji suka buɗe musu wuta. Masu raba dare kan La Liga kuma su sani, ta hannun waɗannan Turawa ƙwallo ta samu gindin zama a yankin, kuma Recreativo de Huelva, wadda aka kafa a 1889, ita ce ƙungiya mafi tsufa a ƙasar. Yanzu tsohon jirgin ƙasan mahaƙar baƙi yake ɗauka yana bin gefen kogin.

Da yammacin ranar ƙarshe na sake hawa tudun Almonaster. Wata tsohuwa tana zaune a kan dutse kusa da ƙofar masallacin da ɗan karenta. Ta dube ni, ta dubi hulata, ta nuna ginin da haɓa ta ce "la mezquita", wato masallacin, ta matsa ta ba ni hanya.