Wa ya ba ɓarawon lambar Gwaggo?

Bayan la'asar wayar ta shigo, Gwaggo tana zaune a tsakar gida tana tsintar shinkafa. Mai kiran ya yi cikakkiyar sallama, Hausarsa tsaf kamar ɗan unguwa. "Hajiya, barka da yamma, daga banki ne." Ya faɗi sunayenta uku yadda suke a katinta. Ya faɗi ranar haihuwar da aka rubuta mata lokacin rajista, wadda ita kanta sai ta duba takarda take tunawa. Ya karanto mata lambar BVN ɗinta daga farko har ƙarshe. Sannan ya ce za a rufe asusunta a daren nan saboda ba a haɗa shi da NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa, ba, amma idan ta karanto masa lambobin jikin katin cire kuɗinta da wasu da za su shigo wayarta yanzu, zai gyara mata daga ofis, ba sai ta sha wahalar layi ba. Har addu'a ta yi masa. Kafin a kira magariba an kwashe asusun, kuma kuɗin ba nata ba ne, na adashin matan layinsu ne da take riƙewa.

Washegari na raka ta banki. Ma'aikacin ya saurare ta da ladabi, ya duba kwamfuta, ya ce, "Hajiya, ai ke kika ba su lambar da bakinki." A gida ma abin da aka yi ta faɗa ke nan, 'ya'yanta da jikoki kowa na cewa ai an sha gaya mata. Ta yi shiru, ta karɓi laifin. Babu wanda ya tambayi abin da ya hana ni barci: ina mutumin nan ya samo sunanta, da ranar haihuwarta, da BVN ɗinta, da lambar wayarta, duk a haɗe? Gwaggo ba ta Facebook, ba ta taɓa cike wani fom a intanet ba. Ta yarda da shi ne domin ya zo mata da abin da ta san banki da gwamnati kaɗai ta ba.

Kuma ba da son ranta ta bayar ba. A 2014 Babban Bankin Najeriya ya ɓullo da BVN, lambar tantance masu asusun banki, aka ce duk mai asusu sai ya je an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. A Disamban 2020, lokacin Isa Ali Pantami yana ministan sadarwa, aka ba da umarnin haɗa kowane layin waya da NIN, muka ga tsofaffi da masu goyo sun yi dafifi a ƙofar ofisoshin NIMC, hukumar rajistar ɗan ƙasa, tun asuba, ana tsakiyar annobar korona. An yi ta ɗage wa'adi har zuwa Satumban 2024, an kuma rufe layukan mutane da yawa a hanya. A ƙarshen 2023 Babban Banki ya ce asusun da ba shi da BVN ko NIN za a hana shi motsi, wanda shi ne tsoron da ɓarawon Gwaggo ya riƙe ta da shi. Yau sama da mutum miliyan 100 ke cikin rumbun NIMC. Ba na adawa da rajistar nan, ƙasa tana bukatar sanin mutanenta. Amma wanda ya ce dole ka ba shi ajiya, ko ka rasa layinka da asusunka, amanar da ke wuyansa ta fi ta wanda ka kai wa da ƙafarka nauyi. Idan ajiyar ta zube, shi ya kamata a fara tambaya.

Ta kuwa zube, an kuma gani. A watan Maris na 2024 kafar binciken ƙwaƙwaf ta FIJ ta ba da labarin wani shafin intanet mai suna XpressVerify da ke fito da bayanan NIN na mutane ga duk wanda ya biya 'yan kuɗi. A watan Yuni ƙungiyar Paradigm Initiative ta ce ta gano wasu shafukan da ke sayar da irin waɗannan bayanai a kan naira 100, har ta sayi takardar NIN ta ministan sadarwa Bosun Tijani domin ta nuna ba zance ba ne. Naira 100, kuɗin da bai isa ƙosan karin kumallo ba. NIMC ta fito ta ce ba a fasa rumbunta ba, ta kuma gargaɗi jama'a su guji irin waɗannan shafuka. To, a ɗauka ba a fasa ba. Manomin da ya tarar da hatsinsa a kasuwa, aka ce masa rumbu na nan a kulle, tambayar da zai yi ita ce mutum nawa ke riƙe da mabuɗi. Bankuna da kamfanonin waya da dillalai masu lasisin tantancewa duk suna da ƙofar leƙa rumbun nan, kuma wasunsu suna da wakilai, wakilan ma suna da yara.

Wannan ita ce yoyon sama. Ta ƙasa ta fi ban tsoro, domin kullum muna ganinta har ta zama jiki. Kwanaki na sayi tsire a bakin titi, da na buɗe takardar da aka naɗo min sai na ga fotokwafin fom ɗin neman aiki ne na wani matashi: hotonsa, adireshin gidansu, lambar wayarsa, NIN ɗinsa, sunan mahaifiyarsa, duk mai ya jiƙa su. Wani ofis ne ya karɓa, ya gama da shi, aka auna a kilo aka sayar. Makaranta na neman kwafin NIN, asibiti na nema, mai gidan haya na nema, mai rubuta sunayen tallafi a ƙofar gidan mai unguwa na nema, kuma ba wanda ke faɗa maka inda zai ajiye ko ranar da zai ƙona. Je ka shagon kafe lokacin rajistar jarrabawa ka ga kwamfuta ɗaya da bayanan ɗalibai ɗaruruwa a zube a kanta, kowa ya zauna zai iya buɗewa. Tsaya kusa da mai POS ranar kasuwa ka ji dattijo yana miƙa kati yana faɗin lambar sirrinsa da ƙarfi, domin idonsa ba ya ganin madannan. Yawancin masu POS mutanen kirki ne, sun ceci jama'a lokacin ƙarancin takardun naira a 2023, amma tsarin da ya dogara kacokan a kan kirkin mutum ɗaya bai kare kowa ba.

Abin yana ƙara yi min ciwo idan na tuna yadda aka rene mu. Gidan Bahaushe yana da zaure domin baƙo ya tsaya a can. Ana rubuta "ba shiga" a ƙofa. Ko ɗan gida ne, idan ya girma, sai ya yi sallama an amsa kafin ya ɗaga labule. Mun san darajar sirri tun kafin a ƙera waya. Sai ga shi manhaja ta shigo har ƙuryar ɗaki da dannawa ɗaya a kan rubutun Turanci mai tsawo da ba wanda ya karanta. Manhajojin ba da bashi sun nuna mana iyakar abin da hakan ke nufi: ka ci bashin 'yan dubbai, ka makara kwana biyu, su aika wa surukinka da limamin masallacinku da maigidanka saƙo cewa kai ɓarawo ne, domin sun kwashe lambobin wayarka tun ranar farko. Sai da hukumar kare masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022, Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan waya a 2023, sannan abin ya lafa. Mutuncin da suka zubar kafin nan bai dawo ba.

Doka akwai ta. A watan Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Ta ce kada a karɓi bayanin da ya wuce bukata, kana da ikon tambayar abin da aka ajiye a kanka da neman a goge, kuma kamfanin da bayanai suka zube a hannunsa ya sanar da hukuma cikin awa 72. Manyan kamfanoni za a iya cin su tarar da ta kai kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara. An ma fara cizo: a 2024 NDPC ta ci bankin Fidelity tarar naira miliyan 555.8, bankin ya musanta laifi, FCCPC kuma ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220. Na yi murna da waɗannan. Amma tara asusun gwamnati take shiga. Dokar ta ba wanda aka cuta damar neman diyya, sai dai Gwaggo ba ta taɓa jin sunan NDPC ba, kuma ban ga laifinta ba, domin ban taɓa jin an yi mata bayaninta a rediyon da take saurare daga safe har dare ba.

Na san abin da ma'aikacin banki zai ce, kuma akwai gaskiya a ciki: da ba ta karanto lambar ba, da kuɗin na nan. Ni ma ina faɗa wa duk wanda na isa da shi cewa banki ba ya kira ya nemi lambar sirri ko lambar da ta shigo waya, kuma duk saƙon WhatsApp mai cewa ka cike fom ka karɓi tallafi, a goge shi. Amma gargaɗin banki yana zuwa a rubuce da Turanci, ɓarawo kuma yana kira da Hausa, da sallama, da "Hajiya". Ya fi bankin sanin yadda ake magana da ita. Ba adalci ba ne a tura tsohuwar da ba ta yi boko ba ta kara da wanda ke riƙe da takardunta, sannan a ce ita ce ba ta yi hattara ba.

Abin da nake nema ba shi da wuya. Duk lokacin da wani ya duba NIN ko BVN ɗin mutum, saƙo ya shigo wayarsa da sunan wanda ya duba, kamar yadda alat ke shigowa idan an taɓa kuɗi. NIMC ta taɓa fito da tsarin lambar wucin gadi da ke mutuwa bayan awa 72, wadda mutum zai bayar a maimakon ainihin NIN ɗinsa. A tilasta wa ofisoshi karɓarta, a daina tara fotokwafi. Idan ɓarawo ya kira da cikakken bayanin mai asusu, banki ya bi sawu ya gano ta inda ya fita kafin ya rufe magana da "ke kika bayar". Dillalin da aka kama yana sayar da bayanai a faɗi sunansa, a ƙwace lasisinsa, a kai shi kotu. NDPC kuma ta buɗe layin karɓar koke da Hausa, ta shiga gidajen rediyon Kano da Sakkwato da Maiduguri ta faɗi lambar.

Gwaggo ta sayar da awakinta biyu da ɗan kunnen gwal ɗinta ta cika wa matan adashi kuɗinsu, domin ta ce ba za ta mutu da haƙƙin kowa ba. An canza mata kati, an canza lambar sirri. BVN da ranar haihuwa da zanen yatsa kuwa ba a canza su, suna nan a hannun wanda ya saya. A makon jiya wani ya sake kiranta, wata murya daban, ya faɗi sunayenta uku daidai. Ta kashe wayar, ta miƙo min ita hannunta na rawa, ta ce, "Ɗan nan, su nawa ne suka san ni haka?"